Yadda Ake Kai Jariri Ƙasar Waje Aikin Zuciya

Kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 ana haihuwarsa da tangarɗa a zuciya, amma ba duka ne ke buƙatar hawa jirgi ba. Ƙaramin huji tsakanin ɗakunan zuciya yakan toshe da kansa. Abin tsoro shi ne jaririn da leɓɓansa da harshensa ke yin shuɗi, ko yake haki da gumi in yana shan nono, ya ƙi ƙiba. Irin wannan ne ake ta ba shi maganin limoniya har lokaci ya ƙure.

Kafin fasfo, kafin neman kuɗi, sai a yi hoton zuciya da ake kira eko, a wajen likitan zuciya na yara, kamar a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello. Hoton ne zai faɗi sunan ciwon, sunan kuma shi zai faɗi kwana nawa ake da su. Idan manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga zuciya ne suka yi musayar wuri, ana son a yi aikin cikin makonni biyu zuwa uku na farko. Kafin nan akan ɗaura wa jaririn ruwan magani mai hana wata 'yar jijiya rufewa, wadda a ƙa'ida take rufewa da kanta bayan haihuwa. Idan kuwa babban huji ne, ko ciwon nan mai tangarɗa huɗu da ake kira Falo, yawanci akwai 'yan watanni. A nan ne ya kamata uba ya tambayi likita kai tsaye: "Likita, ba za a iya yi a gida ba?" Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, kuma yanzu akwai cibiyoyin da ke yi wa yara. Sai dai aikin jaririn da bai kai wata guda ba yana son ƙwararrun da ke yin sa kullum, shi ya sa ake yawan nufar Indiya.

Daga nan likita zai rubuta rahoto, a tura shi tare da hoton ekon zuwa asibitoci biyu ko uku, a Bangalo, Chennai ko Delhi. Su maido da takardar gayyata da ƙiyasin kuɗi. A karanta ƙiyasin da kyau: kwana nawa ya ƙunsa a ɗakin kulawa ta musamman, nawa ne kuɗin kowace rana in an zarce? 'Yan kamasho sun yi yawa a harkar nan, kuma sun san uban da hankalinsa ya tashi ba ya ciniki. Kuɗi asusun asibiti ake tura su ta banki, ba hannun wani ba. Wanda ba shi da hali ya miƙa takardunsa ga ƙungiyoyin agaji tun da wuri, irin gidauniyar da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a 2000, ko Mécénat Chirurgie Cardiaque da ke kai yara Faransa daga ƙasashe irin Nijar. Layinsu dogo ne.

Takardun tafiya kuwa ba a jiran ɗaya ta gama kafin a fara ɗaya. Fasfo yana buƙatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN, su kuma suna buƙatar suna, don haka ba a jiran ranar suna. A yi wa yaro huɗuba, a rubuta, rago ya biyo baya. Indiya tana ba da bizar magani ga mara lafiya da ta masu jinya har mutum biyu. Iyaye, musamman uwa mai shayarwa, su tambayi likita kan allurar shawara nan take, domin katin allurar ba ya aiki sai bayan kwana goma. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a yi masa.

Jirgi shi ne inda aka fi yin sakaci. Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsawon mita 2,400 ce, jaririn da dama oksijin ɗinsa ya yi ƙasa zai iya galabaita. Kamfanin jirgi zai ba da fom ɗin lafiya likita ya cike, a nemi tukunyar oksijin kwanaki kafin tashi, wani lokaci har da likita ko nas mai rakiya. Ana ya da zango a Adis Ababa ko Doha, sai a zaɓi hanyar da jira bai yi tsawo ba. Mai jegon ma abin dubawa ce, musamman in fiɗa aka yi mata. Wankan jego dai sai an dawo.

Da isa, za a sake eko da gwajin jini, wani lokaci shirin aikin ya canja. Ranar aiki ana haɗa jaririn da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar, a gyara. Gwara a shirya uwa kafin ta shiga ganinsa: zai kumbura, ga bututu a baki da ƙirji, wani ma akan bar ƙirjin a buɗe ƙarƙashin bandeji kwana ɗaya ko biyu har kumburi ya sauka. Ta riƙa tatsar nono duk bayan awa uku, kada ya ƙafe.

Bayan sallama akan zauna kusa da asibiti har likita ya ba da takardar izinin hawa jirgi. Kada a taho ba tare da rahoton aikin, ekon ƙarshe da sunayen magunguna da awonsu ba, domin awon yana canjawa yayin da nauyin yaro ke ƙaruwa. Wajen makonni shida ba a ɗaga shi ta hammata, sai ƙashin ƙirji ya haɗe, kuma a tambayi likita kafin a fara goyo. Kakanni da ƙannen uba masu zumuɗin ɗauka su ma a gaya musu. Cikin makon farko da dawowa a kai fayil ɗin wajen likitan da ya yi ekon farko, shi zai ci gaba da duba yaron shekara da shekaru.