Darasi na Goma Sha Bakwai: Zaɓen Keke da Takalmi don Duwatsun Madina

Bahaushe ya daɗe da sanin Madina. Tun zamanin da ake tafiya aikin Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan, akwai alhazan da suka sauke farali ba su komo gida ba, suka yi zamansu a Makka da Madina har suka hayayyafa. Zuriyarsu na cikin waɗanda ake kira Takari, sunan da ba kowa ke son a kira shi da shi ba. Da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a shekarar 1961 kuma, sai ɗalibai daga Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi suka riƙa zuwa neman ilmi. Haka nan Bahaushe ya daɗe da sanin keke, har yana yi masa kirari da dokin ƙarfe. Sai dai keken da ya sani na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, irin su Raleigh da Phoenix, masu giya ɗaya da kariya a baya, waɗanda ake hawa da silifa da doguwar riga a tafi kasuwa ko gona. Wanda ya ɗauki wannan sabo ya fita da shi bayan garin Madina don motsa jiki, mai yiwuwa ne ya dawo yana tura keken, ƙafa tana jini.

Dalili kuwa shi ne yanayin ƙasar. Madina tana zaune ne tsakanin duwatsu. A arewa akwai Uhudu, kimanin kilomita 5 daga Masallacin Annabi (SAW), jan dutse mai tsawon kusan kilomita 7, wanda ƙoƙuwarsa ta kai mita 1,077 daga doron teku. A kudu akwai dutsen Airu. Gabas da yamma kuma akwai abin da Larabawa ke kira harra, wato fili mai cike da baƙaƙen duwatsu waɗanda asalinsu narkakken dutse ne da ƙasa ta amayar, ya huce ya daskare. Aman wuta na ƙarshe a kusa da birnin ya auku ne a shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, lokacin da narkakken dutse ya kwarara fiye da kilomita 20 kafin ya tsaya. Dutsen harra ba sumul yake ba kamar wanda ruwan kogi ya goge. Yana da kaifi da ramuka, yana yanka roba kamar yadda fasasshiyar kwalba ke yi. A cikin kwaruruka kuma, irin su Aƙiƙ da Ƙanat, akwai tsakuwa da rairayi da itatuwan ƙaya dangin bagaruwa.

An ƙirƙiro keken hawan dutse ne saboda wurare masu wuyar bi. Wasu samari ne suka fara shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, suna gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan tuddai. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Yawancin masu saye sukan fara da duba launi da yawan giya. A Madina, taya ya kamata a fara dubawa. Ana son mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.5, mai manyan haƙora, wadda aka ƙara wa gefenta kauri, domin a gefe dutse ya fi yanka. Mafi alheri ita ce marar tif, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo a ciki. Idan ƙaya ta huda ta, sai ruwan ya toshe hujin tun mahayi bai sauka ba. Zafi yakan busar da wannan ruwa cikin 'yan watanni, saboda haka sai an riƙa ƙara shi. Akwai kuma kuskuren da wanda ya saba da kwalta yakan yi, wato ya bunƙa wa taya iska har ta yi tauri kamar ganga. Irin wannan taya tsalle take yi a kan dutse, ba ta kama ƙasa. Idan kuma iskar ta yi kaɗan, dutse zai daki ƙarfen ƙafar ya lanƙwasa shi. Duk da haka a riƙe tif guda da ƙaramin famfo da kayan faci, don babu mai faci a gindin bishiya a cikin harra.

Bayan taya sai takalmi, kuma a nan ne ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yakan so ya yi tsimi. Silifa da sandal ba su da wuri a wannan harka. Yatsu a waje suke, ƙafa kuma takan zame idan ta yi gumi. Kambas na gudu ya fi su, amma tafinsa yana da taushi, yana lanƙwashewa a kan feda, bayan sa'a guda ƙafa ta fara zogi. Takalman da aka yi domin wannan wasa iri biyu ne, gwargwadon irin fedar. Akwai feda mai faɗi wadda aka dasa wa ƙananan ƙusoshi. Takalminta yana da shimfiɗaɗɗen tafi na roba mai kama ƙusoshin. Akwai kuma feda mai maƙalewa, irin wadda kamfanin Shimano na Japan ya fitar a 1990 da sunan SPD, inda ake ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙasan takalmi ya shige cikin feda, sai an murɗa diddige waje kafin ya saki. Masu tsere sun fi son wannan saboda ƙafa ba ta gocewa. Amma ga sabon shiga, a ƙasa irin ta Madina, feda mai faɗi ta fi dacewa. Wanda bai saba ba yakan manta da murɗa diddige, ya faɗi da keken manne a ƙafarsa, faɗuwa a kan dutsen harra kuwa ba irin faɗuwa a kan yashin rafi ba ce. Sannan akwai wuraren da dole a sauka a saɓa keke a kafaɗa, nan kuma ƙarfen da ke ƙasan takalmi santsi yake yi. A zaɓi takalmi mai taurin baki don kare yatsu, mai ƙananan hujoji don shan iska, a kuma cusa igiyarsa ciki kada sarƙa ta kama ta. Yana da kyau a gwada shi da yamma, da safar da za a riƙa sawa, saboda ƙafa takan ɗan kumbura da zafi.

Shi kansa keken, ba sai an sayi mai tsadar gaske ba. Na alminiyam mai shakazoba a gaba kaɗai ya wadatar da mai koyo. Mai shakazoba gaba da baya ya fi daɗi a kan duwatsu, amma ya fi tsada da wuyar gyara. Abin da ba a sassautawa a kansa shi ne birki. A nemi na faifai mai aiki da mai, wanda yatsa ɗaya ke iya riƙewa a doguwar gangara. Girman keken kuma ya dace da tsayin mai shi. Akwai kekuna masu araha da aka yi wa siffar na hawan dutse alhali ƙarfensu ba ya ɗaukar duka. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Batun tufafi yana da nasa nauyi a wannan gari. Jallabiya takan shiga sarƙa. Matsattsen gajeren wandon 'yan tsere kuwa bai dace da Madina ba, kuma ba a buƙatarsa: ana iya sa shi daga ciki saboda soson da ke rage zafin sirdi, a ɗora dogon wando mai tsukakkiyar ƙafa, wanda zai rufe al'aura ya kuma kare ƙwauri daga ƙusoshin feda. Hular kwano wajibi ce, haka safar hannu da tabarau. Da rani zafin Madina yakan haura digiri 40, don haka lokacin fita shi ne bayan sallar Asuba, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, da ruwa aƙalla lita 2 a jakar baya. Mahayi zai kuma tuna cewa gindin Uhudu wurin ziyara ne, inda aka binne Sayyidina Hamza da sauran shahidan yaƙin shekara ta 3 bayan Hijira, ba filin wasa ba. Madina harami ce, ba a sare itatuwanta, ba a farautar dabbobinta.

Mai koyon Hausa zai lura da cewa yawancin sunayen sassan keke, irin su taya da tif da birki da feda da giya da kariya, aro ne daga Turanci. Kalmar keke ita kanta daga Yarabanci ta shigo. Sirdi kuwa daga doki keke ya gaje shi, asalin kalmar kuma Larabci ne, kamar linzami da likkafa.

Tambayoyi

1. Mece ce harra, kuma me take yi wa taya?
2. Me ya sa feda mai faɗi ta fi dacewa da sabon shiga?
3. Mece ce ma'anar “taya ta yi faci”, kuma wane ne “mai faci”?
4. A bayyana karin maganar “araha ba ta ado” da misali daga wata sana'a dabam.