Mazaunin Kifin Zaburau da Matsalar Hasashen Yaɗuwarsa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce kifi a ruwa sarki ne. Sai dai ba kowane ruwa ne yake karɓar kowane kifi ba. Wannan maƙala za ta yi nazarin wani ɗan ƙaramin kifi na Kogin Tenesi a Amurka, wanda masana suka laƙaba wa suna Percina tanasi, domin a ga yadda sanin mazaunin kifi yake taimakawa wajen hasashen inda za a same shi, da kuma inda hasashen yake gazawa.

Siffarsa da Mazauninsa

Dangin wannan kifi sun haura iri 200, kuma a Arewacin Amurka kaɗai ake samun su. Ɗabi'arsu ita ce su lafe a ƙasan ruwa, sa'an nan su zabura kamar kibiya, shi ya sa za mu kira shi zaburau. Tsawonsa bai wuce inci 3 da ɗoriya ba, abincinsa kuwa galibi ƙananan dodon koɗi ne.

Abubuwa uku yake bukata. Na farko, ruwa mai gudu, mara zurfi, mai wadatar iska. Na biyu, shimfiɗar tsakuwa da rairayi wadda laka ba ta rufe ba, domin a nan yake kiwo, a nan kuma yake zuba ƙwai daga Fabrairu zuwa Afrilu. Na uku, buɗaɗɗiyar hanya, saboda idan ƙwan ya ƙyanƙyashe ruwa kan kwashi 'ya'yan zuwa gurabe masu zurfi, sai sun yi ƙwari su hauro zuwa tsakuwar da aka haife su. Madatsar ruwa kuwa duk ukun take rushewa: ta tsai da gudun ruwa, ta tara laka, ta toshe hanya.

Yadda Ake Hasashe

Mai bincike kan auna zurfi da gudu da sanyin ruwa da irin ƙasan duk wurin da ya kama kifin. Daga nan sai ya duba taswira, ya fitar da sauran wuraren da suka yi kama da waɗannan, ya ce a nan ya kamata a neme shi. A yau kwamfuta ce take yin wannan lissafi. Raunin hanyar shi ne, iyakar inda aka jefa koma, iyakar abin da lissafin ya sani.

Darasin Madatsar Teliko

A 1973 David Etnier na Jami'ar Tenesi ya gano zaburau a Ƙaramin Kogin Tenesi, daidai lokacin da ake gina madatsar Teliko a kansa. Da yake ba a san shi a wani wuri ba, sai aka sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa a 1975. A 1978 Kotun Ƙoli ta dakatar da aikin, amma a 1979 Majalisar Dokoki ta keɓe madatsar daga dokar, aka kammala ta, ruwa ya shanye tsakuwar.

Ilimin mazauni ya yi rana a nan, domin da shi aka zaɓi Kogin Hiwasi aka kai wasu kifayen, suka kuwa hayayyafa. Amma a 1980 sai aka tarar da zaburau a rafin Cikamoga ta Kudu, daga baya kuma a wasu koguna. Aka sassauta matsayinsa a 1984, aka cire shi daga jerin baki ɗaya a 2022. Bugu da ƙari, a 2025 wani bincike da masanan Jami'ar Yale suka jagoranta ya nuna cewa reshe ne kawai na wani kifi, Percina uranidea, da ke yammacin Kogin Misisifi.

Kammalawa

Abin lura shi ne, masana sun yi daidai game da irin ruwan da zaburau yake so, amma iyakar ƙasarsa ta fi abin da aka zata faɗi. Rashin ganin kifi a kogi ba hujja ba ce ta cewa babu shi. Saboda haka taswirar hasashe jagora ce ga mai koma, kuma wajibi ne a bi ta da bincike a bakin kogi kafin a yanke hukunci a kan madatsa ko a kan kifi.