Yadda Ake Ƙera Akwatin Ajiye Bindiga a Gida

Akwatin ajiye bindiga yana da aiki biyu: ya hana yaran gida kai hannu ga makami, ya kuma ɓata wa ɓarawo lokaci har ya haƙura. A gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, inda mafarauta da yawa suka saba jingine bindiga a bayan ƙofa ko su tura ta ƙarƙashin gado, ba a cika samun akwatin masana'anta ba. Wanda ke da takardar izinin riƙe bindiga, wadda dokar Nijar ta wajabta, wajen mai walda yake zuwa a yi masa nasa.

Farkon aiki awo ne. Ana auna tsawon bindigar, a ƙara kamar taƙi ɗaya, don kada bakinta ya riƙa gogar rufin akwatin. Sai zaɓen ƙarfe, kuma a nan ne akwatuna suke fara bambanta. Kwanon da ake yin akwatin tufafi da shi, ko duron mai da aka fasa aka miƙar, bai cika wuce kaurin milimita 1 ba, kurfi da guduma kaɗai sun isa su tsaga shi. A Ingila ƙa'idar irin wannan akwati ita ce ƙarfen ya kai aƙalla milimita 2. Wannan awo ya dace a riƙe shi a Magarya ma, ko da kuɗin zai ƙaru.

Bayan an yanka ƙarfen, mai walda yakan lanƙwasa gefuna inda zai yiwu, domin lanƙwasa ta fi haɗi ƙarfi. Inda dole a haɗa, walda za ta bi layin tun daga sama har ƙasa ba yankewa. Masu gaggawa sukan ɗiga walda nan da can, su cike tsakani da abin toshe rami, su shafe da fenti. Mai saye ya leƙa ciki da tocila: waldar kirki tana nan a jere kamar ɗinkin tela.

Ƙofa ita ce wurin da ɓarawo yake fara gwadawa, ita ce kuma ta fi cin lokacin mai aiki. Ana yi mata firam na ƙarfe mai kusurwa, a sa ta shige cikin firam ɗin yadda ba za a sami tsagar da bakin ƙarfe zai shiga a ɓanɓare ba. Hinji a ciki ake kafa shi. Idan ya zama dole ya fito waje, sai a walda wasu gajerun ƙarafa a gefen ƙofar waɗanda ke shiga ramuka a firam, ta yadda ko an yanke hinjin ƙofar ba za ta fita ba. Kwaɗo biyu sun fi ɗaya, na sama da na ƙasa, kowanne da rumfar ƙarfe da ta rufe wuyansa daga zarto. Kwaɗo mai tsada a kan maƙali siriri asarar kuɗi ce.

Daga nan sai kafawa. Akwatin da mutum biyu za su ɗauka su ɗora a amalanke bai tsare komai ba. Yawancin ɗakunan karkara a Bande, Waca ko Malawa ginin ƙasa ne, bangon ba ya riƙe ƙusa da ƙarfi, don haka a ƙasa ake kafawa. Ana haƙa rami, a zuba siminti da tsakuwa, a dasa sandunan ƙarfe masu zare, a bar shi ya yi mako yana ƙarfi, sannan a ɗora akwatin a ɗaure noti daga ciki. Daɓen ya ɗan ɗara ƙasan ɗakin tsayi saboda laimar damina, wadda daga Yuni zuwa Satumba take sa ƙarfe tsatsa. Ana shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, a shimfiɗa katako inda gindin bindiga zai zauna.

Bindiga ba ta shiga akwati da ɗuri. Harsashi da albarushi wurinsu daban, a ƙarƙashin wani kwaɗon, nesa da murhu da fitila. Albarushi kuwa a akwatin katako ake ajiye shi, domin idan ya kama wuta a cikin rufaffen ƙarfe, ƙarfen tarwatsewa yake yi. Mabuɗi yana jikin mai bindiga, ba a rataye shi a ƙusar bango inda kowane yaro ya san wurinsa.