Kafin ka ajiye sana'arka saboda caca

Ɗan'uwa matashi, a fadojin shayi na Yamai ana yawan jin mai cewa zai bar aiki ya koma buga kartar poker a waya, ko ya dogara da tikitin cacar tseren dawaki (PMU) na hukumar caca ta ƙasa, LONANI. Don Allah dakata.

Ko a poker, inda iyawa take da tasiri, mai gidan cacar yana yankar kasonsa daga kuɗin da aka zuba. Abin da ya saura shi kuke wawaso, kai da gwanayen da suka shekara suna wannan harka. Sukan yi watanni suna faɗuwa, jarinsu ya ɗauke su. Kai me zai ɗauke ka? Kuɗin haya da cefane ba sa jiran sa'a. Ga kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida da ta haramta caca ƙarara.

Ɗauki littafi ka lissafa duk jikar da ka ci da wadda aka cinye maka, kada ka ɓoye ko dala. Kada ka ci bashi ko ka taɓa kuɗin adashi don ramuwa. Goge manhajar daga wayarka, ka faɗa wa yayanka ko malaminka halin da kake ciki. Gobe da safe ka koma bakin aikinka.