Yadda Ake Sauya Tsohuwar Mota Haibrid da Wadda Ta Fi Ta Ƙuruciya

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, motocin da ke haɗa injin fetur da batir, waɗanda ake kira haibrid, suka samu shiga a Najeriya. Sai dai mai hawan Toyota Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, ko Camry haibrid ta 2007 zuwa 2011, ya san motarsa ta kusa ko ta haura shekara 15, zafin rana da ƙura kuma ba sa raga wa batir. In lokacin sauyi ya yi, ka riƙe abu guda a zuciya: a cinikin haibrid ta hannu batir kake saye, fenti da kushin gyara ne kawai. Ga yadda ake bi, daki-daki.

Mataki na farko: tabbatar tsohuwar ta gaji

Batir ba ya mutuwa ba sanarwa. Za ka ga layukan caji a allon mota sun cika sun yi kore, ba a jima ba sun zube zuwa ɗaya ko biyu. Injin da a da yake yin shiru a cunkoso sai ya daina hutawa. Fankar da ke sanyaya batir a gefen kujerar baya ta riƙa gurnani, shan mai ya ƙaru. Daga ƙarshe jar alama mai kusurwa uku ta bayyana a dashbod.

Ka kai ta wurin mai kwamfuta wanda ya san haibrid. Lambar P0A80 na nufin babban batir na neman sauyi. Amma a fara auna ƙaramin batir mai bolt 12 da ke cikin but, domin in ya yi sanyi yakan kunna fitilun gargaɗi barkatai, mutum ya karyar da motarsa a kan matsalar da ba ta taka kara ta karya ba.

Mataki na biyu: lissafin gyara ko sauyi

Batirin Prius na waɗannan shekaru ƙwayoyi 28 ne a jere, kowace bolt 7.2, jimilla 201.6. Na Camry 34 ne. Masu gyara sukan cire ƙwaya ɗaya ko biyu da suka mutu su sa wasu na hannu. Motar za ta tashi, amma sauran ƙwayoyin sa'annin juna ne, wata za ta bi bayan 'yar'uwarta. Sabon batir dungurugum shi ne gyaran da ke daɗewa, kuma ya cancanci kuɗinsa in injin da birki da ƙafafu lafiya suke. In kuwa injin na shan baƙin mai, famfon birki na kuka a kai a kai, ga batir na jan ƙafa, ka haɗa kuɗin ukun a takarda. Da zarar ya doshi abin da motar za ta yi a kasuwa, sauyi ya fi.

Mataki na uku: zaɓen ƙira

Prius ta 2010 zuwa 2015 tana da injin lita 1.8, kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka tana yin kusan kilomita 21 da lita ɗaya. Lagonta a injin yake: bututun da ke mayar da hayaƙi cikin injin, wato EGR, yakan toshe da baƙin tokar hayaƙi, daga nan gaskit ya ƙone. Ta 2016 zuwa 2022 ba ta yi ƙaurin suna da wannan ba, wasu daga cikinsu ma batirin lityum gare su. Prius gajeriya ce, mai bin hanyar karkara ko mai iyali da yawa ya duba Highlander ko RAV4 haibrid.

Ka yi tazara mai ma'ana. Wanda ya bar ta 2008 ya koma ta 2010 bai yi nisa ba. A Amurka garantin batirin Toyota shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga ƙirar 2020 aka mayar da shi shekara 10 ko mil 150,000. Wannan garanti ba ya biyo mota zuwa nan, amma yana nuna maka shekarun da kamfanin da kansa ya yarda ya tsaya wa batirinsa. Kafin ka tsayar da shawara, tambayi bakanikenka wace ƙira ce kayan gyaranta ke samuwa a garinku.

Mataki na huɗu: binciken asali

Ko tokumbo ce ko wadda aka hau a gida, nemi lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofa, kuma dole su yi daidai da na takarda. Harafi na goma shi ke faɗin shekarar ƙira: A 2010 ce, D 2013, G 2016, J 2018. Nan ake kama wanda ya sauya fitilu da bamba ya ƙara wa mota shekaru. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, rahoton Carfax ko AutoCheck zai nuna nisan da ta ci lokacin da aka rubuta shi na ƙarshe, da haɗarin da aka kai rahotonsa. Motoci da yawa daga gwanjon Copart da IAA suke zuwa. Wadda aka buga a ƙofa ana iya zama da ita. Wadda ambaliya ta ci kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka ce Allah ya amfana, domin ruwa da wayoyin lantarki ba sa ga maciji. Ɗaga kafet, ciro tayar safiya, duba ko akwai busasshen taɓo, tsatsa ko warin damshi.

Mataki na biyar: gwaji

Ba a cinikin biri a sama. Je da sassafe, ka roƙa kada a tayar da motar kafin ka iso, ka ɗora hannu a kan bonet ka ji ko da ɗumi. Danna maɓallin kunnawa sau biyu ba tare da taka birki ba, duk fitilun gargaɗi za su kama. Wadda ba ta kama ba, wataƙila an rufe ta ne. Sannan ka tayar. Injin da ya yi karkarwa da ƙwanƙwasa na 'yan daƙiƙu a tashin farko, musamman a ƙirar 2010 zuwa 2015, yana iya zama ruwa ne ke shiga silinda.

Sai a jona kwamfuta, ko ƙaramar na'urar OBD2 da manhajar waya irin Dr. Prius. Motar na auna ƙwayoyinta bibbiyu, don haka za ka ga layuka 14 a Prius mai ƙwayoyi 28. Kunna iyakwandishan, a hau titi na kamar rabin sa'a, a taka totur sosai, a taka birki, a bi hawa in akwai. Layukan batir mai lafiya tare suke hawa, tare suke sauka. In ɗaya na zamewa ƙasa da sauran da kusan bolt 1.2 duk lokacin da aka taka, ɗaya daga ƙwayoyinsa biyu ta lalace. Ka sa mai kwamfutar ya duba ko an goge lambobin matsala kwanan nan, ya kuma leƙa ƙasa ya ga ko matatar hayaƙin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, tana nan. Ta Prius tana da tsada, ana yawan cire ta.

Mataki na shida: ciniki da takardu

Hanya biyu ce: ka ba dila tsohuwar ka yi ciko, ko ka sayar da kanka. Ta farko ta fi sauri, ta biyu ta fi kawo kuɗi. Ko wacce ka bi, faɗi aibin motarka. Goge jar fitila a miƙa wa bawan Allah algus ne, kuma mai saye zai dawo. A yanke la'adar dillali tun kafin a sallama.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ga takardar kwastan mai ɗauke da lambar shasin motar, kuma ka tabbatar da ita a ofishin kwastan, domin motar da ba a biya mata diyuti ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru. Biya ta banki, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a karɓi makulli biyu. A je ofishin lasisi a sauya sunan mai mota, naka a kan sabuwar, na mai saye a kan tsohuwar, don kada a yi ɓarna da ita a zo ƙofar gidanka. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023.

Mataki na bakwai: makon farko

Juye baƙin mai da irin wanda littafin motar ya ce, 0W-20 ga Prius ta 2010 zuwa 2015. Sauya man giya da ATF WS. Duba ruwan sanyi wuri biyu, na injin da na inbata. A kwance fankar batir a kakkaɓe, za ka sha mamakin ƙura da gashin da za su fito, sannan a riƙa maimaitawa bayan kowane hunturu. Kada kaya ko mayafi su toshe kafar iskar da ke gefen kujerar baya. Mai gyaran iyakwandishan ya sani kwamfiresan na lantarki ne, man ND-11 kaɗai ake sa masa. Wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa suna ɗauke da wutar da ke kisa, kada rewaya ya koyi aiki a kansu.

Dilan da ya hana ka jona kwamfuta ya riga ya ba ka amsa, ka yi masa sallama ka ƙara gaba. Allah ya sa albarka a abin hawa, ya tsare hanya.