Zaɓen Idon Kyamara don Hoton Yau da Kullum: Nazari Bisa Yanayin Ɗambatta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda mai ɗaukar hoto zai zaɓi idon kyamarar da ya dace da aikinsa na yau da kullum, inda aka ɗauki Ɗambatta da ƙauyukanta a matsayin fagen misali. An auna zaɓin da ma'aunai uku: tazara, haske da ƙura. Maƙalar ta nuna cewa a kan kyamarori masu ƙaramin allo, ido mai tsawon milimita 24 zuwa 35 ya fi dacewa da ɗakuna da zaurukan karkara fiye da mai milimita 50 da ake yawan yabawa.

1.0 Gabatarwa

Idon kyamara shi ne jerin gilasan da ke gaban kyamara, waɗanda ke tattara haske su sauke shi a kan allon da ke riƙe hoto. Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A kan wannan tushe aka gina kyamara. Saboda haka, komai tsadar gangar jikin kyamara, ba ta riƙe sai abin da idonta ya miƙa mata.

Matashin da ya tara ɗan jarinsa domin ɗaukar hoton suna da biki da saukar karatu a Ɗambatta, sau da yawa kuɗin ido ɗaya kawai yake da shi bayan wanda ya zo da kyamarar. Idan ya saya bisa shawarar da aka tsara domin wata irin kyamara da wani irin muhalli, jarin ya tafi, aikin kuma bai gyaru ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta ba shi hanyar da zai yi lissafin da kansa.

2.0 Lambobi Biyu da Ke Jikin Kowane Ido

Lamba ta farko ita ce tsawon ido, ana rubuta ta da milimita. Ƙaramar lamba, kamar 18 ko 24, tana kwaso fili mai faɗi. Babba, kamar 85 ko 200, tana ƙuntata fili ta zuƙo abin da ke nesa. Akwai ido mai tsayayyen tsawo guda, akwai kuma mai zuƙowa, kamar 18–55 da ake yawan haɗawa da sabuwar kyamara.

Lamba ta biyu ita ce girman ƙofar haske, ana rubuta ta da harafin f. A nan lissafin a juye yake: f/1.8 ƙofa ce babba, f/5.6 ƙarama. Hasken da ke shiga ta f/1.8 ya kusa ninka na f/5.6 sau goma.

Sunan da ido mai milimita 50 ya yi yana da tarihi. Kyamarar Leica da ta fito kasuwa a Jamus a 1925 ta zo da shi, a kan fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, kuma da irinsa Henri Cartier-Bresson na Faransa ya ɗauki mafi yawan hotunansa. Sai dai allon kyamarori masu sauƙin kuɗi, irin su Nikon D3500 da Canon 2000D, bai kai wannan girma ba. A kan Nikon ana ninka tsawon ido da 1.5, a kan Canon da 1.6, kafin a san ainihin filin da zai kwaso. Ke nan milimita 50 yana komawa kamar 75 ko 80, wato idon ɗaukar fuska. Milimita 35 shi ne ke ba da abin da 50 yake bayarwa a kan babban allo.

3.0 Ma'auni na Farko: Tazara

Ana gane faɗin filin da zai shiga hoto ta hanyar ninka tazara da faɗin allo, sannan a raba da tsawon ido. A ɗauki ɗakin amarya mai ƙafa 12 a kowane ɓangare. Idan mai hoto ya jingina da bango, tsakaninsa da waɗanda ke zaune a bakin gado ba zai wuce mita 3 ba. A kan allon Nikon mai faɗin milimita 23.5, ido mai milimita 50 zai kwaso mita 1.4 kacal, wato mutum uku a takure. Mai 35 zai kwaso mita 2, mai 24 kusan mita 3, mai 18 kuwa kusan mita 4. Haka abin yake a zaure ranar suna, da kuma tsakanin rumfunan kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi, inda ja da baya taku biyu ke nufin taka kayan wani.

Ido mai faɗi ma yana da nasa aibin. Idan aka matso da shi kusa da fuska, hanci yakan yi girma, kunnuwa su ja baya, domin abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma. Wannan ne dalilin da ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya yake sauya kamanni, saboda babban idon wayoyi da yawa yana daidai da milimita 24 zuwa 28. Hoton fuska yana buƙatar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a nan ne milimita 50 yake da ranarsa.

Dogon ido, kamar 70–300, aikinsa na lokaci-lokaci ne: dawakin tawagar Sarkin Bai a hawan Sallah, ko masunta a tsakiyar madatsar ruwa ta Tomas. Yana kuma jawo wata matsala ta ladabi, domin yana ba mutum damar ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba. A al'ummar da ake shiga gida da sallama, ake kuma kiyaye mutuncin matan aure, gajeren ido yana tilasta wa mai hoto ya matso, ya gaisa, ya nemi izini.

4.0 Ma'auni na Biyu: Haske

A gona ko a fili da rana, kusan kowane ido yana aiki, domin haske ya wadata. Jarrabawar tana cikin ɗaki mai ƙaramar taga, da bayan magariba idan babu wutar lantarki. Idon 18–55 yana buɗewa zuwa f/3.5 a gajeren ɓangarensa, amma da an zuƙo zuwa 55 sai ya tsaya a f/5.6. Inda wannan ƙofa za ta buƙaci kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ko numfashin mai hoto zai iya ɓata shi, f/1.8 za ta gama a kusan kashi ɗaya cikin ɗari.

Sai dai a lura: idan ƙofa ta buɗe sosai, wurin da ke fitowa tangaram yana raguwa. Hoton mutum ɗaya yana yin kyau a f/1.8, amma idan ɗaliban Islamiyya suka jeru sahu uku, dole a rage ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya su dushe.

5.0 Ma'auni na Uku: Ƙura da Danshi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura mai laushi. Duk sanda aka cire ido domin a sa wani, ƙofar kyamara a buɗe take, kuma ƙurar da ta sauka a kan allo takan fito a matsayin ɗigo a kowane hoto. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta riƙe ido ɗaya da zai wuni a jikin kyamara. Idan sauyawa ta zama dole, a yi ta cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada a goge gilashi da bakin riga; a fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, domin yashi yana karce shi. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, ido da aka rufe cikin jaka mai danshi yakan yi fumfuna a ciki.

6.0 Kafin a Biya Kuɗi

Mai sayen na hannu ya tafi da kyamararsa, domin gani ya kori ji. Ya haska tocila ta cikin gilashin ya duba zare-zaren fumfuna, ya gwada ko idon yana saita kansa. Ya tabbatar bakin ido ya dace da na kyamara: a 2018 Canon ya fito da bakin RF, Nikon ya fito da na Z, kuma idanun waɗannan sababbin bakuna ba sa hawa tsofaffin kyamarori. Haka nan, jerin Nikon D3000 da D5000 ba su da injin saiti a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D sai dai a saita shi da hannu. Mai alamar AF-S ne ke saita kansa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen ido lissafi ne da ya rataya a kan wurin aiki. Ga mai ƙaramin allo a Ɗambatta, tsarin da ya fi dacewa shi ne ya riƙe 18–55 domin taro da aikin fili, ya ƙara da 35mm f/1.8 idan Nikon gare shi, ko 24mm f/2.8 idan Canon ne. Milimita 50 ya biyo baya idan hoton fuska ya yawaita, dogon ido kuma a are shi ranar hawa. Kafin ya sayi komai, ya yi mako biyu yana aiki da 18–55, sannan ya duba bayanan hotunansa ya ga lambar da ya fi tsayawa a kai. Wannan lamba ita ce tsawon idon da aikinsa yake nema.