HAƘƘIN MAI CIWON AJALI A KANMU: DARASI DAGA BINCIKEN LIKITA CICELY SAUNDERS

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa a nan ƙasar Kurfai akan ɗauki mai ciwon sankara daga Abala zuwa Filinge, daga can zuwa Yamai, a sayar da bisashe, daga bisani likita ya ce a koma da shi gida. Sai dangi su ɗauka cewa aiki ya ƙare, saura jiran rai ya yi halinsa. To, wannan kuskure ne. Idan warkewa ta gagara, sauƙaƙa zogi bai gagara ba.

Wace ce wannan likita?

Cicely Saunders 'yar Ingila ce, an haife ta a 1918, ta rasu a 2005. Ta fara da aikin jinya, sa'an nan ta karanci likitanci ta gama a 1957. Daga 1958 ta shiga bincike a gidan jinya na St Joseph da ke Landan, tana rubuta halin marasa lafiya fiye da 1,000 waɗanda ajali ya kusanto. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher, wanda ya haɗa jinya da bincike da koyarwa. Ba Musulma ba ce, amma ilimi mai amfani duk inda ya fito mumini ya fi cancanta da shi.

Abin da bincikenta ya nuna

Na farko: kada a jira sai zogi ya taso marar lafiya ya yi kururuwa kafin a ba shi magani. A riƙa ba shi mofin ta baki a kan ƙayyadadden lokaci, gwargwadon buƙatarsa. Ta ga cewa wanda aka yi wa haka yakan kasance cikin hayyacinsa, yana zance da iyalinsa.

Na biyu: ciwon mai jinyar ajali bai tsaya ga jiki ba. Akwai tsoro, akwai tunanin 'ya'ya da bashi, akwai damuwar abin da zai tarar gaban Ubangijinsa. Waɗannan suna ƙara wa zogin jiki ƙarfi, don haka dole a kula da su gaba ɗaya.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: farasitamol ga ƙaramin zogi, kodin ga matsakaici, mofin ga mai tsanani. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa irin wannan jinya a Uganda a 1993, tana haɗa ruwan mofin mai rahusa da ake kai wa marar lafiya har gida. Ke nan talauci bai hana a yi ba.

Matsayin Shari'a

Malamai sun halatta maganin da ke dushe zogi idan lalura ta sa, kuma likita amintacce ya rubuta. Amma haramun ne a ba mutum wani abu da nufin gaggauta mutuwarsa, ko da shi ya roƙa. Neman sauƙi bai saɓa wa haƙuri ko tawakkali ba. Gaida marar lafiya kuwa yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ya inganta cikin Bukhari da Muslim. Kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta keɓe babi kan abin da ake yi wa wanda mutuwa ta halarto.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. Kafin ku baro asibiti, ku tambayi likita maganin zogi da lokutan shansa, kuma ku kiyaye lokutan kamar yadda ya faɗa.
2. Ku guji sayen taramol a kasuwa ko hannun masu talla. Ba a san ƙarfinsa ba, kuma ya riga ya halaka samarinmu da yawa.
3. Ku riƙa juya marar lafiya don kada gyambo ya fito masa, ku jiƙa masa leɓe, ku tsabtace shimfiɗarsa.
4. Ku ba shi damar yin wasiyya da bayyana bashin da ke kansa da neman gafarar waɗanda ya saɓa wa. Kada a hana shi da cewa ai zai tashi.
5. Ku taimake shi ga salla, a zaune ko a kwance, da taimama idan ruwa na cutar da shi.
6. Idan lokaci ya yi, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba da matsawa ba.
7. Jama'ar masallaci su tallafa wa matan da ke ɗauke da jinya, da hatsi ko da karɓar su kwana guda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin.